Mene ne siliyak, cutar da alkama ke tayarwa a hanji?

A Damagaram, in babban mutum ya daɗe yana fama da kumburin ciki da kasala, sai ka ji an ce olsa ce, ko taifot, ko basir. Ya sha jiƙo, ya sha na asibiti, ya ɗan sami sauƙi, abu ya dawo. Akwai wata cuta da ba a cika ambata ba a irin wannan hira, ita ce siliyak. Sunan daga Girkanci ya fito, asalinsa "ciki" yake nufi.

A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari, gulutin. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana jawuwa a hannun mai fanke. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Mai siliyak kuwa, da ya ci, sai garkuwar jikinsa ta far wa ƙaramin hanjinsa. Bangon hanjin yana da 'yan ƙananan gashi kamar na tawul, su ke tsotse amfanin abinci. A hankali sai su shafe, mutum yana ci amma jiki ba ya ɗauka. Wani likitan yara ɗan Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da hannun alkama a ciki. A yunwar da aka yi a Holan daga 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya, yaran da yake dubawa sun murmure, da burodi ya dawo ciwon ya dawo.

An daɗe ana ɗaukarta cutar yara, kuma ta Turawa. Duka biyun kuskure ne. Kusan mutum 1 cikin 100 ke da ita a duniya, kuma binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, 'yan asalin Yammacin Sahara, a sansanonin gudun hijira na Aljeriya ya sami fiye da 5 cikin 100. Tana iya bayyana ga ɗan shekara 30 ko 60 da ya ci burodi tun yana yaro. Ana gadon yiwuwar kamuwa da ita, amma yawancin masu wannan gado ba sa kamuwa.

Abin da ke rikita lamarin ga manya shi ne ba kullum take zuwa da zawo ba. Wata mata ce da jininta ya ƙi cika, an ba ta ƙwayar ƙarin jini wata da watanni ba canji. Wani rama ce, wani ciwon ƙashi, wani ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Ɓarin ciki a kai a kai ma yana iya zama alama.

Ganowa mataki biyu ne. Da farko awon jini mai suna tTG-IgA. In ya nuna alama, sai a zura siririn tiyo mai kyamara ta baki har farkon ƙaramin hanji, a tsinko ɗan nama a duba. Ga inda mutane ke ɓata wa kansu aiki: mutum ya ji labari a waya, ya bar burodi da taliya, bayan wata uku ya je awo. A lokacin hanji ya fara warkewa, awon zai iya cewa lafiya lau alhali cutar na nan. Sai ana cikin cin alkama ake awon. In an tabbatar, ya kamata iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa na ciki ɗaya su ma a duba su, don kusan 1 cikin 10 nasu na iya samun ta.

Ba ta da ƙwaya ko allura, maganinta barin gulutin har iya rayuwa. A nan dai mun yi sa'a, don gero da dawa da masara da shinkafa da wake da rogo duk ba su da shi. Fura da tuwon hatsi da kunu suna nan daram. Wahalar tana teburin mai shayi da safe, da alkaki da cincin na biki, da kuma ɗan wake, wanda masu sayarwa da yawa ke haɗa garinsa da fulawa ba tare da mai saye ya sani ba.