Tambayoyi da amsoshi kan makaɗan Kimbanguiste na Kinshasa

Wace irin ƙungiya ce wannan?

Makaɗa ne da mawaƙa a Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Suna yin irin babban kiɗan nan na Turai da ake haɗa goge da sarewa da ƙaho da ganguna wuri guda, jagora yana tsaye gabansu da 'yar sanda. Yawancinsu ba da kiɗan suke ci ba. Akwai mai gyaran wuta, akwai mai aski, akwai 'yan kasuwa. Sai sun tashi daga neman na abinci sannan su taru su yi ta gwaji har dare.

Wa ya kafa ta?

Armand Diangienda, a shekarar 1994. Matuƙin jirgin sama ne da ya rasa aikinsa, bai kuma taɓa shiga makarantar kiɗa ba, da kansa ya koya. Jika ne ga Simon Kimbangu, mai wa'azin da Turawan Beljiyam suka kama a 1921 ya rasu a kurkuku a 1951. Daga cocin Kimbangu ƙungiyar ta samo suna.

Ina suka samu kayan kiɗa?

Nan ne labarin ya fi taɓa zuciyata. Da farko gogen bai kai yawan masu koyo ba, sai karɓa-karɓa, wannan ya goga na ɗan lokaci ya miƙa wa na kusa. In tsirkiya ta tsinke babu inda za a sayo wata, sai a zare wayar birkin keke a ɗaura. Wasu kayan ma su suka sassaƙa da katako, suna kwaikwayon wanda ke hannunsu. Ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar gwaji. Duk da haka adadinsu ya kai kusan mutum 200 har da mawaƙa.

Yaushe duniya ta san da su?

A 2010 wasu Jamusawa suka fitar da fim a kansu, aka ga suna shirin kaɗa babban kiɗa na 9 na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe. A 2013 ƙungiyar kiɗa ta Royal Philharmonic Society da ke Landan ta karrama Diangienda, a 2014 kuma suka je Birtaniya suka yi wasa.

Kiɗan Turawa kaɗai suke yi?

A'a. Diangienda yana tsara nasa, yana zuba salon kiɗan Kongo a ciki, kuma makaɗan suna kaɗa shi tare da na Turai.