Mece ce pH da malaman gona ke yawan ambata?

Duk matar da ta taɓa jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta san aikin pH, sunan ne kawai bai zo kunnenta ba. Ma'auni ne na tsami, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, lemon tsami yana wajen 2, wanda ya haura kuma ya shiga dangin kanwa da toka. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, ya fito da shi a 1909. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne tazarar lamba ɗaya ninki goma ce: ƙasa mai 5 ta fi mai 6 tsami sau goma.

A nan Jos maganar ta shafi tukunyar kowa. Ƙasar Filato galibi mai tsami ce, ruwan sama mai yawa yana wanke ta, takin yuriya da ake zubawa duk damina kuma yana ƙara mata. Da zarar ta sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyom yakan narke ya hana saiwa miƙewa, fosfaras ɗin da ke cikin takin NPK kuma ya ɗaure, shuka ba ta iya sha. Manomi ya sayi buhu da tsada, masara na nan a tsugune. Dankalin Turawan Bokkos da Mangu yana jure ɗan tsami, shi ya sa ciwon ke ɓuya.

Ni dai ban yarda a koya wa ɗalibin noma wannan a kan allo kaɗai ba. A ce ya ɗebo ƙasar gonar gidansu, zurfin santimita 20, daga wurare daban-daban, ya shanya a inuwa, ya tankaɗe, ya dama da tataccen ruwa, ya tsoma bakin na'urar auna pH da hannunsa. Na ga yarinyar da ke gudun ajin kimiyyar sinadarai ta kafa wa na'urar ido har lambar ta tsaya, sannan ta ɗago: "Malam, to buhu nawa na farar ƙasa Baba zai zuba don ya kashe tsamin gonar?" Lissafin da ta ƙi wata uku, ranar ita ta roƙa.

Inda babu na'ura, ruwan zoɓo ma yana buɗe ido: a matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, a ɗiga ruwan kanwa ya rine ya yi duhu.