Sayar da gida ko fili ga ɗan uwa ko aboki a Yamai

Sayar da gida ko fili ga ɗan uwa ko aboki ciniki ne da mai abu yake ƙullawa kai tsaye da wanda ya sani, ba dillali a tsakani, ba a kuma baza maganar a gari. A Yamai akan bi wannan hanya idan buƙatar kuɗi ta taso, kamar jinya ko biyan bashi, mai gida kuwa ba ya son unguwa ta san halin da yake ciki. Wani kuma so yake gidan ya zauna cikin dangi. Babu la'ada, kuma mai saye ya san tarihin wurin.

Wahalar farko ita ce farashi. A kasuwa mai saye yana tayi, mai sayarwa ya ce albarka, a yi ta ja har ya sallama. Tsakanin ƴan uwa kunya ke hana wannan. Ƙane ya ce, "Yaya, kai ne mai abu, faɗi kuɗinka." Yayan ya ce, "Haba, ba da abin da ya sawwaƙa." Sai a tashi kowa da nasa adadi a zuci. Masu hankali sukan fara tambayar mutum biyu ko uku da suka san darajar filaye a unguwar, domin kuɗin fili a Koira Kano ba ɗaya ba ne da na Talaje ko Harobanda. Bayan an san kuɗin gaskiya, mai sayarwa ya faɗi rangwamen da ya yi a gaban shaidu. Alheri ne, ya kamata a san da shi.

Ta fuskar takardu, filayen birnin ba iri ɗaya ba ne. Wanda hukumar gari ta yanka yana da takardar cefanarwa, wadda aka fi sani da akt de sesiyon, ɗauke da lambar fili da sunan mai shi. Mafi ƙarfi ita ce titir fonsiye, wato takardar cikakken mallaka, wadda tushenta dokar rajistar ƙasa ce ta 26 ga Yulin 1932, tun zamanin mulkin Faransa. Gida mai irin wannan takarda a gaban noter, wato masanin doka mai tabbatar da takardun ciniki, ake rubuta cinikinsa, a biya kuɗin rajista, sannan a juya suna a kundin filaye. Gonaki na bayan gari kuwa suna ƙarƙashin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye da ke ba da shaidar saye ko kyauta.

Juya suna shi ne abin da zumunci ya fi sa a yi wa sakaci. Mai saye ya karɓi takarda da sunan yayansa, ya ajiye a akwati, ya ɗora bulo, ya tare. Muddin su biyun suna raye babu mai tayar da magana. Ranar da ɗayansu ya rasu, magadan mai sayarwa suna iya cewa aro ne ko jingina, takarda kuma tana goyon bayansu. Abin takaici ne a ga ƴaƴan wa da ƙane a gaban alƙali a kan cinikin da iyayensu suka yi da zuciya ɗaya. Haka lamarin biya kashi-kashi: idan ba a rubuta abin da aka bayar da abin da ya rage ba, da ranar cikawa, ragowar takan zama bashin da ake jin nauyin tambaya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a rubuta bashi mai wa'adi, a kuma kafa shaidu wajen ciniki, ba ta ware ɗan uwa ba.

Gidan gado yana da nasa hukunci. Wanda ke zaune a ciki, ko da shi ne babban wa, ba shi da ikon sayar da rabon sauran magada, mata da waɗanda ke Abijan ko Kano duk a ciki, sai da yardarsu. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Nijar ke bi, idan ɗaya ya sayar da kasonsa kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi. Malamai kuma suna duban cinikin da mutum ya yi wa magajinsa da rangwame a cutar ajali da idon wasiyya, rangwamen ba ya tabbata sai sauran magada sun amince.

Kafin a miƙa kuɗi, mai saye ya tabbatar ba a jinginar da takardar a banki ba, ya kira mai awon fili ya duba iyakoki. Idan akwai ƴan haya, a sanar da su, a kuma biya bashin ruwa da na kamfanin lantarki NIGELEC kafin a canza sunan mita.