Sabuwar Waya Ba Ta Buƙatar Cajin Awa Takwas

Har yau a Sakkwato, in ka sayi sabuwar waya, mai shago zai miƙo maka kwali ya ce, "Alhaji, a bar ta a caji awa takwas kafin a kunna." Wasu kuma sai batir ya mutu murus suke jonawa, wai kada ya saba da guntun caji.

Wannan shawarar ta zamanin batirin nikel ce, wanda kan rage ƙarfi in ana yawan cajinsa bai ƙare ba. Wayoyin yanzu, har da masu naɗewa irin Galaxy Fold da Samsung ya fitar a 2019, batirin litiyam gare su, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991. Shi ba ruwansa da wannan. Da ya cika, wayar da kanta ke tsayar da cajin. Barinsa ya kai sifili kullum ma gajiyar da shi yake yi, ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 da 80.

Zafi ne ke cinye batir a garin nan. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga wayoyi goma jibge kan juna a rumfar mai caji, ƙarƙashin kwano, gefen janareta. Nan batir ke kumbura har ya ɗaga murfin baya.