Kare tsokar zuciya yayin tsayar da ita a tiyata

Kare tsokar zuciya shi ne matakan da ake ɗauka don kada naman zuciya ya lalace a lokacin da aka tsayar da bugunta, aka kuma yanke mata jini domin a yi mata aiki. Jigon wannan kariya shi ne ruwan tsayar da zuciya, wanda likitoci ke kira kadiyofilejiya.

Sauya bawul (ƙofar da ke hana jini komawa baya) ko toshe rami a cikin zuciya yawanci na buƙatar ta tsaya cik, babu jini a ciki. Ana haɗa majinyaci da na'urar zuciya da huhu mai ɗaukar aikinsu na ɗan lokaci, wadda John Gibbon ya fara yin aiki da ita cikin nasara a Amurka a 1953, sannan a danne awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, da ƙarfen matsi. Na'urar tana ciyar da dukan jiki ban da zuciyar kanta, domin jijiyoyin da ke kai mata jini daga gindin awota suke fitowa, ƙasa da inda aka danne. A ɗumin jiki, bayan minti 20 zuwa 30 tsokar takan fara lalacewar da ba ta gyaruwa.

Yadda ruwan ke aiki

Yawancin ruwan na ɗauke da fotashiyam mai yawa. Ƙwayar tsokar zuciya a hutunta tana da cajin lantarki na kusan milivolt 90 ƙasa da sifili. Fotashiyam na ɗaga shi zuwa kusan 50 ƙasa da sifili, sai ƙofofin sodiyam na jikin ƙwayar, waɗanda ke tayar da bugu, su kasa buɗewa, bugu ya tsaya, zuciya ta saki jiki. Wannan tsayawar kaɗai tana rage buƙatar iskar oksijin da kusan kashi 90 cikin ɗari. Sanyi na ƙara ragewa, shi ya sa aka fi ba da ruwan a digiri 4 zuwa 10 na ma'aunin Selshiyas.

Dennis Melrose ya gwada fotashiyam a Landan a 1955, amma yawansa ya kashe naman zuciya, aka yi watsi da dabarar har zuwa shekarun 1970, lokacin da aka dawo da ita da ƙaramin awo. Ruwa na biyu da aka tsara a asibitin St Thomas na Landan yana da milimol 16 na fotashiyam da 16 na magniziyam a kowace lita. Gerald Buckberg ya yaɗa haɗa ruwan tsayar da zuciya da jinin majinyaci, kashi 4 na jini da 1 na ruwa, ana maimaitawa duk minti 15 zuwa 20. Ruwan del Nido, wanda aka tsara don zuciyar yara, ya juya haɗin: jini 1, ruwa 4, da lidokain, maganin da ke toshe ƙofofin sodiyam, a ciki. Ana ba da mililita 20 ga kowane kilo na nauyin jiki, zuwa kusan lita 1 ga babba, kuma yakan riƙe har minti 90. Na Bretschneider daga Jamus kuwa rage sodiyam da kalsiyam yake yi.

Hanyar isar da shi

A nan aka fi samun matsala, domin ruwa komai kyansa ba ya kare naman da bai kai gare shi ba. Hanyar farko ita ce turawa ta gindin awota, ya bi jijiyoyi kamar yadda jini ke bi. Zuciya takan tsaya cikin minti ɗaya ko biyu. Idan jijiya ta toshe sosai, naman da ke bayanta ba zai samu rabonsa ba. Idan kuma bawul ɗin awota na yoyo, ruwan zai zurare cikin ɗakin hagu na ƙasa na zuciya ya kumbura shi, kumburin ya danne sashen ciki na bangon, wanda dama shi ya fi saurin lalacewa. Maganin shi ne a buɗe awota a sa bututu kai tsaye a bakin kowace jijiya, a kuma sa bututun zuƙe abin da ya taru a ɗakin.

Hanya ta biyu ita ce turawa ta baya, ta babbar jijiyar da ke kwaso jini daga tsokar. Bangonta siriri ne, don haka ana tsare matsin kada ya wuce kusan 40 a ma'aunin hawan jini, in ba haka ba ta fashe. Raunin wannan hanya shi ne ba ta wadatar da ɗakin dama na ƙasa na zuciya. Saboda haka likitoci da yawa ke haɗa hanyoyin biyu, musamman ga zuciyar da bangonta ya yi kauri.

Dawowar motsi a na'urar duba bugun zuciya alama ce ta cewa kariya ta yi rauni, a ƙara ruwa nan take. Ƙanƙarar da wasu ke zubawa a kewayen zuciya don ƙara sanyaya ta kuwa tana iya lahanta jijiyar da ke motsa tsokar numfashi.

Sakin matsi

Dawowar jini ma tana da nata haɗari: kalsiyam na kwarara cikin ƙwayoyin da suka galabaita, oksijin kuma na haifar da sinadarai masu cin nama. Wasu likitoci na ba da jini mai ɗumi da fotashiyam na 'yan mintuna kafin sakin matsin, don tsoka ta farfaɗo tana hutawa. Bayan haka ana auna fotashiyam da sodiyam na jini a daidaita su. Zuciyar da ba ta samu kariya sosai ba takan fito da rauni ko rikicewar bugu, har ta buƙaci magungunan ƙarfafa bugu ko na'urar tallafi kafin a raba majinyaci da na'urar zuciya da huhu.