Halatta Tabar Wiwi da Haɗarinsa ga 'Yan Siyasa a Nijeriya

Halatta tabar wiwi na nufin sauya doka domin a ba da damar noma ta, ko sayar da ita, ko amfani da ita, walau don haɗa magani, ko don masana'antu, ko don nishaɗi. A Nijeriya batu ne da zaɓaɓɓun shugabanni ke taka-tsantsan da shi ƙwarai, musamman waɗanda suka fito daga Arewa. Tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin magunguna da guba cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, saboda haka a Abuja ake yanke maganar.

Matsayin doka

Dokar soja ta 1966 kan tabar wiwi ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai noma ta, har da kisa, kafin a sassauta a 1975. A 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Binciken ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar, miliyan 10.6 daga cikinsu masu shan wiwi. Yawa ne da zai iya juya zaɓe, amma ba wanda ke fitowa fili ya ce ƙuri'arsu yake nema.

Waɗanda suka taɓa furtawa

Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo a lokacin, jihar da ta yi suna wajen noman wiwi a dazuzzuka, ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kira a bar noma ta don magani da samun kuɗin shiga. An yi masa ca, amma ya sake cin zaɓe a 2020. A Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu daga Abiya da Miriam Onuoha daga Imo na cikin waɗanda suka gabatar da ƙudirori a kai. An kawo maganar zauren majalisa a watan Maris na 2023, wato bayan an riga an gama zaɓen 'yan majalisa, ta sha suka, aka jingine ta. Watanni uku bayan haka Kalu ya zama mataimakin kakakin majalisa. Abin lura shi ne dukkansu 'yan Kudu ne, kuma kowannensu ya tsaya a kan magani da kasuwanci.

Inda haɗarin yake ga ɗan Arewa

Na farko addini ne. Abin da malamai suka tafi a kai shi ne duk mai sa maye haramun ne, kuma limaman coci ba su fi su sassauci ba. Ɗan majalisa zai iya ɓata awa guda yana bayanin bambancin sinadarin THC mai bugarwa da CBD marar bugarwa, amma abin da zai isa mazaɓarsa ta rediyo da WhatsApp gajere ne: wane ya ce a halatta wiwi. Huɗubar Juma'a ɗaya ta isa ta manna masa sunan da ba ya wankuwa kafin zaɓen fidda gwani, abokin hamayya kuwa ya samu makami kyauta.

Na biyu ya fi ciwo. An daɗe ana zargin 'yan siyasa da raba wa matasa wiwi da ƙwaya lokacin kamfen, ko 'yan daba a Kano, ko 'yan sara-suka a Jos da Bauchi, ko 'yan kalare a Gombe. Wanda ya miƙe ya goyi bayan halattawa sai a ce dama ai shi ke saya wa yaransa. Iyaye mata, waɗanda su ne ke cika layin zaɓe, suna ganin abin da shaye-shaye ke yi wa 'ya'yansu, kuma ba a manta da rikicin maganin tari mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018 ba. Ga mai irin wannan zullumi, maganar kuɗin shiga ba ta da wani armashi.

Sai kuma hukuma. Buba Marwa, shugaban NDLEA tun 2021, ya sha bayyana adawarsa da halattawa, ya kuma nemi jam'iyyu su riƙa yi wa masu neman takara gwajin ƙwaya.

A wasu ƙasashe

A Amurka, jihohin Kolorado da Washinton sun halatta ta a 2012 ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, abin da ya ɗauke wa 'yan majalisa nauyin. Gwamnan Kolorado na lokacin ma bai goyi baya ba. Nijeriya ba ta da irin wannan mafaka. A Kanada, Justin Trudeau ya yi alkawarin halattawa a kamfen ɗin 2015, ya ci, ya cika a 2018. Maroko ce ta fi kama da Arewa: a 2021 gwamnatin da jam'iyyar PJD mai ra'ayin Musulunci ke jagoranta ta kawo dokar noma wiwi don magani, 'yan majalisar jam'iyyar suka ƙi ta, tsohon shugabanta Abdelilah Benkirane ya jingine zamansa ɗan jam'iyya na wani lokaci. A zaɓen shekarar kujerunta suka faɗo daga 125 zuwa 13, ko da yake ƙulla hulɗa da Isra'ila da wasu dalilai sun taka rawa.

Alƙiblar Abuja

Lokacin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukunin mafi haɗari a Disambar 2020, da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu safarar miyagun ƙwayoyi, daga baya majalisun biyu suka daidaita a kan ɗaurin rai da rai.