Yafiyar Kirista ba mantuwa ba ce

An daɗe ana cewa a Damagaram wai Kirista in ya ce "na yafe", to ko dai tsoro ne, ko kuwa abin bai taɓa masa zuciya ba. Wannan magana ba ta san inda yafiyar take fitowa ba.

A duba labarin Dauda da Saul, sarkin Isra'ila na farko, cikin Littafi Mai Tsarki. Shekaru Saul yana farautarsa a jeji. Ran da Dauda ya same shi cikin kogo, gefen rigarsa kawai ya yanko, ya fito ya nuna masa, ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Da labarin mutuwar Saul ya iso, sai Dauda ya yage tufafinsa, ya yi kuka, ya yi azumi har magariba, ya rera masa waƙar makoki. Ga girmamawa, ga baƙin ciki, amma ba a ce Saul bai yi zalunci ba. Yusufu ma, yana rungumar 'yan'uwansa da hawaye, ya tuna musu cewa su suka sayar da shi.

Mu nan mun ga irin wannan. Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙona majami'u a garin nan, washegari wutar ta kai Yamai. Shugabannin coci suka yi kira da a yafe. Wasu suka ɗauka an share magana ke nan. Ina! Wanda ya tsaya kan tokar bencin da yake zama kowace Lahadi bai manta komai ba. Ramuwa ce ya ajiye wa Allah, har yana roƙa wa mai ashanar shiriya.